Harajin Gado a Ingila: Inda Magada Ke Tuntuɓe



A Ingila, tun 1988 harajin gado kashi 40 ne cikin ɗari, kuma tun 2009 ba a taɓa Fam 325,000 na farko. Mu ɗauka mamaci ya bar Fam 600,000, ba gida a ciki. Mu fid da bashi da kuɗin jana'iza, 20,000, da wasiyyar matarsa, 100,000, wadda haraji bai hau kanta ba. Saura 480,000.

To, sai mu lura. Kyautar da ya yi cikin shekara bakwai kafin rasuwarsa ita ke fara cinye rangwamen nan. In ya ba ƙanensa 125,000, bayan ɗan sassaucin shekara-shekara, rangwame ya koma 200,000. Haraji ya hau kan 280,000 ke nan: Fam 112,000, ba 62,000 da magada suka zata ba.