Yadda za ku tsara bayanan da kuka tattaro: jawabin malami ga ɗalibai

Ga jawabin da wani malamin makarantar sansanin Dar es Salam, kusa da Baga Sola, ya yi wa manyan ɗalibai. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Makon jiya na ba ku aiki, na ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan raguwar ruwan Tafkin Chadi. Na karanta duka. Ba ku yi lalaci ba. Wasu sun duba littafin labarin ƙasa, wasu sun saurari rediyo, wasu sun ari waya, akwai ma yarinyar da ta zauna da kakanta masunci har dare. Amma da kuka zo rubutawa, sai kuka juye komai wuri guda, kamar wanda ya zuba gero da dawa da wake a buhu ɗaya. Wani ya rubuta cewa tafkin ya ƙafe, bayan layi uku kuma ya ce ruwa ya cinye gonaki a 2022. Ya ji duka biyun, bai san yadda zai zaunar da su tare ba. A jarrabawa irin wannan amsa ba ta kawo maki.

Gyaran farko a littafin rubutu yake. Yawancinku kun ware shafi don abin da rediyo ya ce, wani shafin don littafi. Ku sauya. Kowane shafi ya zama na tambaya guda. Ku rubuta ta a sama: Yaya girman tafkin yake a da, yaya yake yanzu? Daga ina ruwansa ke zuwa? Me ya rage shi? Duk bayanin da kuka samu, ko daga bakin wa ya fito, ku kai shi ƙarƙashin tambayarsa. Na san takarda tana da wuya a nan. Ku raba shafi biyu da layi, ya isa.

Sannan kowane bayani ya tafi da shaidarsa a gefe: wa ya faɗa, yaushe, kuma gani ya yi ko ji. Wannan shi ne wurin da nake so mu daɗe.

Ku ɗauki tambayar girman tafki. Littafi ya ce a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Wani rubutun ya ce bai wuce 2,000 ba. Kakan wannan yarinya kuma ya ce a 'yan shekarun nan ya ga ruwa a wuraren da suka daɗe a bushe. Wa ya yi ƙarya? Babu. Lambar farko ta shekarun ruwa mai yawa ce. Ta biyu ta bayan farin 1973 da na 1984 ce, lokacin da tafkin ya rabe gida biyu, na arewa da na kudu, tudu ya fito tsakanin Baga ta Najeriya da Baga Sola. Maganar tsoho kuwa ta yanzu ce. Da kun rubuta shekara a gefen kowace, da kun ga ba sa faɗa da juna, labari ɗaya ne da ya bi shekaru.

Akwai wani abu kuma. Tafkin nan ba shi da zurfi, saboda haka ruwa kaɗan ya ƙaru sai ya malale fili mai yawa. Yana cika ne bayan damina, cikin sanyi, idan ruwan kogin Shari ya iso, ya ja baya da bazara. Wanda ya auna a Disamba da wanda ya auna a Yuni ba za su kawo lamba ɗaya ba. Wani ma buɗaɗɗen ruwa kawai yake ƙirgawa, ya bar wanda ke ƙarƙashin ciyawa. Don haka in bayanai biyu suka saɓa, kada ku yi saurin jefar da ɗaya. Ku tambaya: wace shekara, wane wata, me aka auna?

Kuma ku san abin da za ku nema wurin kowa. Masunci ya fi littafi sanin inda ruwa ya kai bara da irin kifin da ya yi ƙaranci. Amma bai taɓa auna cewa Shari da Logon ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin ba, Komadugu Yobe kuma ɗan kaɗan. Wannan sai littafi. Shekarar da aka kafa Hukumar Tafkin Chadi, 1964, ita ma a rubuce za ku neme ta, ba a majalisar shayi ba.

Abin da kuka kwafa kalma da kalma, ku ja masa layi a ƙasa. Sauran ku rubuta da bakinku, a taƙaice. Ni kaina ina ɗalibi na taɓa kwafe sakin layi guda, bayan wata biyu na manta ba nawa ba ne, na miƙa shi. Kunyar da na sha ran nan ba na yi wa ɗayanku fatanta.

Da yake kuna ji da Hausa ko Barbarci, kuna karantawa da Faransanci, wasunku kuma da Ingilishi suka fara, ku bar shafin ƙarshe don kalmomi. Kalma ɗaya, harsuna uku, a layi guda. Abin da kuka gani a waya kuma ku rubuta shi nan take, kafin caji ya ƙare ko mai waya ya karɓe abarsa. Littafin ku sa shi a leda.

Kafin ku fara rubuta amsa, ku sa lamba a gefen bayanan: wannan zai zo farko, wannan na biye. Wanda bai amsa tambayar ba ku bar shi, ko da kun sha wuya kafin ku same shi.

Wata uwa ta tare ni jiya da saƙon murya na WhatsApp, wai hanya ta buɗe, mutane na komawa gida. Ta kusa fara ɗaure kaya. Muka saurara tare: babu sunan mai magana, babu rana, bai ma faɗi wace hanya ba. Na ce ta kai maganar ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta tambaya tukuna. Ku da kuka iya karatu, in irin wannan ya shigo gidanku, tambayoyin nan uku za ku yi wa iyayenku: wa ya faɗa, yaushe, gani ya yi ko ji?

Zan mayar muku da takardunku yanzu. Kowa ya sake tsara nasa, shafi ɗaya tambaya ɗaya, ku kawo ranar Asabar da safe. Wanda littafinsa ya cika ya tsaya mu yi magana.