Gidan da Attajiri Ya Bayar Domin Makafi

Labarin da na kawo muku yau na wata makaranta ce a birnin Boston, ƙasar Amurka.

A shekarar 1832 wani likita, Samuel Howe, ya fara koya wa yara makafi karatu a gidan mahaifinsa. Ba a daɗe ba wuri ya yi musu kaɗan. To, akwai wani attajiri a garin, ana ce da shi Thomas Perkins, wanda jiragensa ke fatauci har ƙasar Sin. Ba zan ɓoye muku ba, dukiyarsa ba duka ce mai tsarki ba, gama har da ƙwayar ofiyom ya yi ciniki. A 1833 ya ba makarantar babban gidansa, amma bisa sharaɗi, watau sai mutanen gari su ma sun tara dala 50,000. Aka tashi haiƙan, mata suka kafa kasuwar taimako, kuɗi suka cika. Ashe da sharaɗin nan ya mai da makarantar ta jama'a duka, ba tasa shi kaɗai ba.

A gidan nan ne aka kawo Laura Bridgman a 1837, tana gab da cika shekara 8. Wani zazzaɓi mai tsanani ya ɗauke mata gani da ji tun tana shekara 2. Ku duba fa, ba ta ganin allo, ba ta jin muryar malami, ta ina za a shigar mata da karatu? Sai Howe ya manna sunayen abubuwa da baƙaƙe masu tudu a jikin cokali da wuƙa da mabuɗi, tana shafawa da yatsa. Kwanci tashi ta gane kowane abu da sunansa, sa'an nan aka koya mata magana da yatsu cikin tafin hannu.

Da gidan ya sake yin kaɗan, a 1839 Perkins ya yarda aka sayar, aka sayi wani babban masauki a kudancin birnin. A ganina wannan ya fi kyautar farko wuya, domin mai kyauta yakan so a bar abinsa yadda ya ajiye shi. Wanda ya taɓa zama kan shari'ar wakafi ya san haka. Tun daga lokacin makarantar take amsa sunansa.

Marubucin Ingila Charles Dickens ya ziyarce su a 1842, ya rubuta labarin Laura. Bayan shekaru mahaifiyar Helen Keller ta karanta, aka nemi taimako, makarantar ta aika da ɗalibarta Anne Sullivan a 1887. Helen kuwa, makauniya kuma kurma, ta gama jami'a a 1904.

A 1912 aka koma garin Watertown, can take har yanzu.