Lacca: Manhajojin Hana Maguɗi a Wasannin Kwamfuta da Haɗarinsu ga Tsaro da Sirri

Tsarin kwamfuta kamar gida yake: akwai zaure, akwai ƙuryar ɗaki. Yawancin manhajoji, har da wasanni, a zaure ake tsayar da su, ba sa taɓa komai sai da izini. Ƙuryar ɗakin kuwa ita ce kanel, wato sashen da ke iko da ma'adanar bayanai da duk na'urorin da ke jikin kwamfutar. Manhajar da ta shiga nan, babu abin da zai ɓuya mata.

Da 'yan maguɗi a wasannin intanet suka fara ɓoye kayan aikinsu a cikin kanel, sai kamfanonin wasanni suka bi su can da manhajojin hana maguɗi. Haka Vanguard na kamfanin Riot Games yake aiki, wanda ya fito tare da wasan Valorant a 2020, haka ma Ricochet na wasan Call of Duty a 2021, da BattlEye, da Easy Anti-Cheat. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin mai gadin da ke zaure ba ya ganin ɓarawon da ya riga ya shige ciki. Sai dai wannan iko yana tafe da haɗari iri uku.

Na farko shi ne buɗe ƙofa ga masu kutse, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 kamfanin Capcom ya saka wa wasan Street Fighter V wata manhajar kariya, aka gano tana bai wa kowace manhaja damar gudanar da umarni a kanel, dole ta sa ya janye ta. A 2022 kamfanin Trend Micro ya bayyana yadda masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suka yi amfani da manhajar hana maguɗi ta wasan Genshin Impact wajen kashe manhajojin riga-kafi. Abin tsoro a nan shi ne, ba sai mutum yana da wasan ba. Maharan ne ke shigo da manhajar da kansu, Windows kuma ya karɓe ta saboda tana ɗauke da sa hannu na halak.

Na biyu shi ne sirri. Mai kwamfuta ba shi da hanyar sanin abin da manhajar ke dubawa ko aikawa, domin kamfanonin ba sa bayyana yadda aka rubuta ta. An ƙera Vanguard ya riƙa tashi da zarar an kunna kwamfuta, ko da ba a buɗe wasan ba. An kuma taɓa cin amana: a 2013 aka gano manhajar kamfanin ESEA tana haƙar Bitcoin a asirce da kwamfutocin 'yan wasa, lamarin da ya sa hukumomin jihar New Jersey ta Amurka suka ci kamfanin tara.

Na uku shi ne durƙushewar na'ura. Kuskure a zaure manhaja ɗaya yake kayarwa, kuskure a kanel kuwa kwamfutar gaba ɗaya. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda shi ma a kanel manhajarsa ke aiki, ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, har harkokin jiragen sama da asibitoci suka tsaya cik.

Tun daga ƙarshen 2024 dandalin Steam ya wajabta wa masu wasanni su bayyana idan wasansu na ɗauke da manhajar hana maguɗi mai aiki a kanel. Ya kamata mai saye ya duba wannan sanarwa, ya riƙa sabunta Windows, ya kuma tabbatar ya cire manhajar idan ya goge wasan. Kwamfutar da ke ɗauke da bayanan banki ko na ofis ko binciken ilimi, bai dace a ɗora mata irin wannan wasa ba.