Me ya haɗa Bakano da teku?

Yau daga Ƙofar Ruwa muke magana, kuma maganar teku za mu yi. Na san wani zai ce, mu da ke da tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, ina ruwanmu?

To, leƙa kasuwar nan. Yawancin kayan gyaran mota da ake sauke wa 'yan kasuwarmu a kwantena, jirgin ruwa ne ya kawo su Apapa ko Tin Can. Kifin ƙanƙara da ake soya mana da yamma, shi ma ɗan teku ne. Amma wannan duk ƙarami ne.

Babbar maganar ita ce damina. Eh, hadarin Kano daga gabas yake tasowa, kowa ya sani. Sai dai danshin da ke cikin gajimaren, iska ce take ɗebo shi daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ta hauro da shi har nan. Wato geron da manomi ya shuka a Dawakin Tofa, ruwan teku yake sha. Ku tambayi kakanninku farin 1973 da na 1984, yadda shanu suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Daga baya masana sun gano cewa sauyin zafin ruwan tekuna na cikin manyan dalilan wannan fari. Kuma yanzu teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙinmu ke tarawa a duniya. In ta rikice, a kwanon awo za mu gani.

Can a gaɓar tekunmu, a yankin Neja Delta, akwai dazukan mangurob, bishiyoyin da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. A saiwoyinsu ƙananan kifaye ke girma, su ne kuma ke tare igiyar ruwa kada ta cinye ƙauyuka. Malalar ɗanyen mai ta kashe su da yawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ku duba fa, kuɗin man nan har da mu ake rabawa duk wata. Ni dai a ganina ba mu da bakin cewa matsalar 'yan kudu ce.

A 2023 Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikata guda ta harkokin teku. Kasafin kuɗinta kuwa sai ya bi ta Majalisar Tarayya, inda Kano ke da wakilai 24 da sanatoci 3. Wanda ke da lambar ɗan majalisarsa ya tambaye shi nawa aka ware wa gyaran gaɓar teku bana, ya ajiye mana amsar a ƙasan wannan rubutu, mu karanta a shiri na gaba.