Kitse a hanta: me ya sa suga ke hawa alhali ba ka ci komai ba?

Yau da labarin baffana zan fara. An gwada masa suga da safe, ko ruwan shayi bai sha ba, amma aka ga ya hau. Aka yi masa hoton ciki, likita ya ce akwai kitse a hantarsa. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, ni da na kwana ban ci komai ba, daga ina sugan ya fito?"

To, daga hanta ya fito.

Hanta kamar rumbu take. Idan ka ci tuwo, insulin ne ke ba ta umarnin ta tara suga, ta mai da shi wani abu da ake kira glaikojin. Hantar babban mutum tana riƙe wajen giram 100. Da dare, ko lokacin azumi, sai ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan don ƙwaƙwalwa ta samu.

Matsalar tana farawa ne daga tumbi. Kitsen da ke kewaye da hanji, idan ya yi yawa, ba ya zama shiru. Yana ta sakin ƙananan sinadaran kitse, wato fati asid, kuma jijiyar da ke kwashe jinin wurin kai tsaye hanta take zuwa. Sinadaran nan su taru a cikinta, su toshe mata kunne, ta daina jin maganar insulin sosai. Sai tara glaikojin ya ragu bayan cin abinci. Abin da ya fi muni, tana ci gaba da ƙera sabon suga tana turawa cikin jini, har cikin dare. Shi ne abin da baffa ya gani da safe.

Ni abin da ke ba ni haushi, har yanzu in saurayi ya ajiye tumbi sai mu ce, "Alhaji, kuɗi sun zauna!" Ga lemon kwalba a kowane zama, alhali wani ɓangare na sugan cikinsa hanta ce ke mai da shi kitse.

Amma fa abin yana juyuwa. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen hanta sosai. Mai kilo 90, kilo 6 zuwa 9 ke nan. Baffa ya ajiye lemo, yana tattaki bayan sallar asuba, maganinsa kuma bai daina ba. Wata mai zuwa zan raka shi gwaji, in Allah ya kai mu zan faɗa muku sakamakon.