Tsuntsu Zabiya a Bakin Kogin Isa

Jawabin yau bisa tsuntsayen bakin kogin Isa ne, a nan Yamai.

Wanda ya bi gaɓar kogi daga gadar Kennedy zuwa gonakin shinkafa na Saga zai ga tsuntsaye iri-iri. Akwai balbela, da zalɓe, da kirinjijiya, da kurciya, da jan baki mai ɓarnar shinkafa. Kowa da launinsa. Balbela fara ce tun asali, haka uwayenta suke. Amma wani lokaci, cikin kurciyoyi ko cikin jan baki, sai a ga ɗaya fari fat, ko mai dabbare-dabbare. Nan da nan magana ta cika gari. Wani ya ce aljani ne. Wani ya ce a kama shi a kai wa boka.

To, ga gaskiyar al'amarin. A jikin tsuntsu akwai wani abu mai rina gashi, kamar yadda baba ke rina zane a marina. Masu ilimi suna ce masa melanin. Shi ke ba da baƙi da ruwan ƙasa. Idan babu shi, gashi sai ya fito fari.

Abin iri uku ne. Na farko, tsuntsun da jikinsa ba ya yin wannan rini ko kaɗan. Gashinsa fari, idonsa ja. Shi ne zabiya. Gado ne, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa, ko da su ba farare ba ne. Na biyu, tsuntsun da rinin bai kai ga gashinsa ba, duka ko wani gefe, amma idonsa baƙi ne kamar na ƴan'uwansa. An fi ganin wannan. Na uku, wanda gashinsa ya koɗe don tsufa, ko zafin rana, ko ƙarancin abinci mai kyau.

Farin tsuntsu yana cikin wahala. Melanin yana ƙarfafa gashi, saboda haka farin gashi ya fi saurin lalacewa. Zabiya ba ya gani sosai cikin rana. Shaho kuma yana hango shi daga nesa. Shi ya sa ba safai yake tsufa ba. Yaro mai danƙo kada ya ƙara masa wata wahala. Namansa ba magani ba ne, gashinsa ba ya kawo arziki. Tun 1998 Nijar ta yi dokar farauta da kare namun daji. Mai son farauta sai ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji.

Farin gashi ba ciwo ba ne, ba ya yaɗuwa. Abin tsoro shi ne tsuntsaye su yi ta mutuwa da yawa wuri ɗaya. A watan Fabrairu na 2006 an samu murar tsuntsaye a Magariya. Wanda ya ga mushen tsuntsaye kada ya taɓa, kada ya kai gida. Ya gaya wa mai gari da likitan dabbobi.

Abin da ke sa tsuntsu zabiya, shi ke sa ɗan Adam zabiya. Gado ne, ba laifin uwa ba ne, ba baki ba ne. Yaro zabiya yana bukatar malfa da riga mai dogon hannu saboda rana. A makaranta a zaunar da shi gaba, kusa da allo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni don zabiya, an fara a 2015.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. A huta lafiya.