HAƊARIN MOTA: ƘADDARA CE KO SAKACIN MASU MULKI?

 

Duk sa'ad da aka kwaso gawarwaki a hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Mai'adua ran kasuwar Lahadi, sai ka ji an ce kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa babu mai wuce ajalinsa. Amma 'yan'uwa, imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan, matasa.

To, ina hannun masu mulki a ciki?

Na farko, doka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. An tilasta ɗaura bel a 2003, hular kwano ga masu babur a 2009, da na'urar taƙaita gudu ga motocin haya a 2017. Duk suna da kyau a takarda. Amma dokar da ake saye da na goro a bakin shinge, wa za ta tsare?

Na biyu, tsadar rayuwa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Direba ya ƙara cunkusa fasinja da gudu don ya fid da kuɗin mai, talaka kuwa ya hau saman tirelar shanu. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka ruga kwasa, wuta ta cinye fiye da mutum 150. Me ya kai su can in ba talauci ba?

Na uku, nauyin kaya. Da aka bar jirgin ƙasa ya durƙushe, shanu da hatsi da siminti duk suka dawo kan kwalta. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura. Kowane tarago da ya ɗauki kaya, an rage babbar mota a kan hanyarmu.

Saboda haka muna kira ga hukuma: a cike ramuka, a sa tudun rage gudu a bakin makarantu da kasuwanni daga Baure har Zango da Sandamu, a tanadi motar asibiti a bakin hanya. Kai kuma ɗan'uwa fasinja, in direba ya taka fiye da ƙima, buɗe baki ka yi magana. Rai amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.